Duna da Ƙwaryar Nonon Dada Hawwa

Ni mutumin Hunƙuyi ne ta ƙasar Zazzau, sunana Haruna, kuma noman lambu na gada. Karatuna na boko aji huɗu ne. Wanda ya zo neman ƙawar magana a wannan rubutu sai ya yi haƙuri. Abin da zai samu shi ne abin da ya faru, bi da bi, yadda ya faru. Jikokina da aka haifa a Garwa su suka dame ni da tambayar yadda aka yi gida irin namu, gidan salla da azumi, bai taɓa rabuwa da kare a bakin lambu ba. Na gaji da ba su amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba zan tsaya kan yadda muka bar gida ba. Rijiyoyin fadamarmu sun ƙafe shekara biyu a jere, wani ɗan garinmu kuma ya aiko cewa a bakin kogin Binuwai ƙasa ce ke neman hannu. A lokacin shugaban Kamaru ɗan Garwa ne, ana ta gine-gine a garin, ma'aikata sun yi yawa, kowa na neman albasa da tumatir. Mu huɗu muka taso: ni, matata Asabe, ɗana Habu mai shekara goma sha ɗaya, da ƙanwarsa Mairo mai shekara takwas.

Zangonmu na farko gindin wata tsamiya ne a bayan Mubi.

Direban da ya ɗauko mu ya karɓi kuɗin mota har Garwa. Mutum ne mai fara'a. Ya sa Habu a gaba kusa da shi, yana ce masa "ƙanena", har ya bar shi ya danna oda sau biyu. Da muka kusa iyaka sai ya tsaya, ya ce akwai jandarmomi, 'yan sandan Kamaru, a gaba, mu kuwa ba mu da laisefase, wato takardar izinin wucewa da ake tambaya a kowane shinge a wancan zamani.

Ya ce, "Malam, ku bi wannan 'yar hanyar ku zaga dutsen. Can baya akwai babbar tsamiya, nan za ku same ni. Ku bar kayan, kada su yi muku nauyi."

Muka zaga dutsen. Tsamiyar tana nan, a kanta dai bai yi ƙarya ba. Mota ce babu. Ta tafi da tabarminmu, da tukunyar Asabe, da jakar irin albasa da na shekara uku ina zaɓa. Muka zauna har rana ta yi sanyi. Habu ne ya ƙi yarda. Duk ƙarar da ya ji sai ya miƙe ya ce, "Ga shi nan, Baba." Da ya tabbata mutumin ba zai zo ba, bai yi kuka ba. Dutse ya ɗauka ya jefi wani ƙadangare a jikin tsamiyar, ya tsaya yana kallonsa yana shure-shure. Ban hana shi ba, don ni ma hankalina ba ya jikina. Daga baya na gane a nan aka fara ɓata mini ɗa.

Zango na biyu shi ne gidan Baba Bitrus, a kan dutse.

Kwana biyu muka yi muna hawa muna sauka. Ƙafar Mairo ta fashe, Asabe ta yagi gefen zanenta ta ɗaure mata. Ranar ta uku muka iso wani ƙauye da aka yi wa gonakinsa matakala da duwatsu tun daga ƙasa har sama. Wani tsoho yana yankan dawa, ya ɗago ya dube mu.

"Sannunku. Daga ina da ƙafa haka, da yara?"

Hausarsa ta kasuwa ce, yana mai da mace namiji, amma mun fahimci juna. Shi ne Baba Bitrus, Kirista ne. Kafin in ce komai ya kama kaza, ya miƙo mini ita tare da wuƙa. Ya ce, "Kai yanka, Malam. Na san nawa ba ka ci." Matarsa ta ɗauko wa Asabe sabuwar tukunya da ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Shi da kansa ya share mini wuri a bayan rumbu, ya nuna mini gabas. Muka zauna har aka gama girbi, ina taya shi yankan dawa. Shi ne kuma ya kai ni wajen mai garinsu aka yi mana takardar da ta kai mu Garwa.

A gidan nan halin Habu ya fito fili. Ya saci gyaɗa a kwandon matar Baba Bitrus, aka tambaye shi, ya rantse bai gani ba, ga ɓawon a aljihunsa. Na dake shi. Bayan kwana biyu ya fasa tulu ya ce Mairo ce. Na dake shi. Sannan wata safiya na same shi a bayan rumbu. Akwai karya a gidan da 'ya'ya biyar, ya ritsa mafi ƙanƙanta, wani baƙi mai farin tabo a ƙirji, yana jifansa da tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai aiki. Na saɓo kara. Ina dukansa yana kallona ido cikin ido.

Ya ce, "Kowa ma haka yake yi, Baba. Wanda bai cuta ba shi ake bari a gindin tsamiya."

Na saki karan. Na bar gida ne don in ciyar da yaran nan. Idan kuwa zan isa Garwa da ɗan da ba za a iya ba shi ajiyar allura ba, wanda kukan abu mai rai ba ya taɓa shi, to gara da mun zauna mun ci yunwarmu a Hunƙuyi. Tun daga ranar ba irin albasa nake tsoron rasawa ba, ba ɗaki ba. Yaron nan nake tsoron rasawa alhali yana raye a gabana.

Baba Bitrus yana gefe yana gyara ƙotar lauje. Ya ce, "Malam, karan gonata zai ƙare, kan yaron nan bai ƙare ba. Hannunsa babu abin riƙewa, shi ya sa yake jifa. Ba shi ɗan karen nan."

Na ce, "Baba, mu ba ma zama da kare."

"Ba lambu za ka yi ba? Wa zai kore maka birai? Kai za ka yi haushi?"

Na san malaminmu na gida ya taɓa cewa ba laifi a riƙe kare don tsaron gona ko dabbobi. Duk da haka sai da na yi kwana biyu ina nazari, don ni ba na yanke shawara a tsaye. Ranar ta uku na sami ɓallin kwali da fensir, na rubuta doka, na tara iyalina na karanta musu. Na ɗaya, a ba kare ruwa sau uku: na safe na Mairo, na rana na Habu, na yamma su biyu. Na biyu, kowane yaro zai rage wa kare loma biyu daga tuwonsa, ba daga tukunya ba. Na uku, kare yana da kaskonsa, ba ya taɓa namu, wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu. Na huɗu, ran Alhamis a cire masa kaska. Na biyar, ba duka, ba jifa. Wanda ya saɓa, shi zai ɗebo ruwan gida gaba ɗaya washegari.

Asabe ta ce, "Malam, ni da na haifa maka biyu ba a taɓa rubuta lokacin shan ruwana ba."

Na ce, "Ke kina da baki."

Yaran suka sa masa suna Jandarma, saboda duk ƙunshin da ya gani sai ya shinshina. Na hana nan take. A ƙasar da muke, mutum ya tsaya a kasuwa yana kiran kare da wannan suna, ai a ofis zai kwana. Muka koma kiransa Duna.

Zango na uku garin Gidar ne, kuma ba mu daɗe ba. Wata guda muka yi muna ɓarar gyaɗa a gidan wani ɗan kasuwa don mu sami abin hawa mota. Mairo ta karɓi aikin Duna kamar dama jira take. Habu kuwa yi yake kamar aikin tilas. Yakan dire kaskon ruwan har rabi ya zube. Sau huɗu ya ɗebi ruwan gida a wannan wata, ban ɗaga masa ko sau ɗaya ba.

Abu ɗaya ne ya faru a Gidar da ya cancanci a rubuta. Wata Alhamis ƙaya ta shige wa Duna a tafin ƙafa, ta karye a ciki. Na ba Habu allura na ce aikinsa ne. Yana cikin tono sai karen ya kai masa cizo a yatsa, har jini ya fito kaɗan. Habu ya ɗaga hannu sama. Ina tsaye ina kallo. Hannun ya daɗe a sama, sannan ya sauko a hankali.

Ya ce, ba da ni yake ba, "Zafi yake ji."

Ya sa Mairo ta riƙe kan, ya ƙarasa cire ƙayar. Ranar na ci tuwo da daɗi.

Zango na huɗu Garwa.

Zafin garin nan ba a ba da labarinsa, sai wanda ya zo. Muka tarar ɗan garinmu da ya kira mu ya tashi, wai ya koma Marwa, unguwar Dugoi. Ba mu san kowa ba. Mai unguwar Hausawa ya ajiye mu kwana uku a zaurensa, ya samo mini fili a bakin kogi, in noma a raba, sannan ya kai mu gidan wani Bafulatani mai fataucin shanu, Alhaji Buba, inda akwai ɗaki da ba kowa. Alhaji ya dubi Duna, ya dube ni.

Ya ce, "Sharaɗi ɗaya. Wannan abin ba ya wuce zaure. Ranar da ya wuce, mun rabu."

Na ce na ji, na yarda. Duna ya zama yana yini a lambu yana korar birai da awaki. Idan an dawo da shi gida, a gindin bishiyar maina ta ƙofar gida ake ɗaure shi.

Sunan gidan na Alhaji ne, amma mulkinsa na mahaifiyarsa ne, Dada Hawwa. Tsohuwa ce siririya, ba ta yawan magana. Tana da shanun tatsa biyu a bayan gida, da ƙore jere a rumfarta. A cikinsu akwai wata babba mai zane, wadda ta gada daga uwarta, ba mai taɓa ta sai ita. Kullum da safe takan kira Mairo, "Ɓingel am," wato 'yata, ta zuba mata nono a ƙaramin ƙoƙo. Cikin wata uku yaran suka iya Fulatanci. Ni har yau gaisuwa kawai na iya.

Ba zan ɓoye ba, mun yi kewar gida. Da yamma nakan je shagon wani tela in tsaya kamar mai jiran ɗinki, alhali rediyon Kaduna nake saurare. Asabe ta taɓa yin kuka a kan daddawa, wai ƙamshinta ba irin na gida ba ne. Amma albasa ta yi, tumatir ya yi, muna da rufi a kanmu. Habu ya daina ɗauke-ɗauke. Sai dai ban saki jiki ba, don yaron da ya daina laifi saboda ido na kansa, ba a san cikinsa ba tukuna.

A bazarar shekararmu ta biyu abin ya faru. Ba na wurin. Abin da zan faɗa daga bakin Mairo na ji shi, kuma na tambaye ta sau uku, ba ta sauya ba.

Fasasshiyar kwalba ta yanki Duna a ƙafa, don haka aka bar shi ɗaure a gindin maina. Matan gidan duka, har da Dada da Asabe, sun tafi suna. Ni ina lambu. Ruwan rana na Habu ne. Ranar kuwa sojoji na gwajin fareti a babban fili, yaran unguwa suka kwasa da gudu, Habu ya bi su. Ya ce a ransa yanzu zai dawo. Bai dawo ba sai bayan azahar.

Mairo ce ta fara dawowa daga aike. Ta ga igiya a tsinke, ba kare. Ta shiga ciki ta same shi a rumfar Dada, ya ture faifai, kansa na cikin babbar ƙwaryar nan mai zane. Ta ja shi waje tana kuka. Sai ga Habu. Suka koma suka duba. Nonon bai ragu da ya wuce yatsa biyu ba. Shi ne kuma nonon da za a dama fura da shi bayan la'asar, don Alhaji na da baƙi.

Mairo ta ce, "Yaya, mu mai da faifan. Wallahi ba wanda zai sani."

Habu ya tsaya yana kallon ƙwaryar.

Ta ce, "To mu zubar, mu wanke ta sau bakwai yadda ake yi, mu ce akuya ce ta ture. In Alhaji ya ji, korarmu zai yi."

Habu ya fita gindin maina. Ya ɗaga kaskon Duna, ya bushe ƙayau, har ya yi zafi. Ya dubi igiyar, da jini a inda karen ya yi ta tauna. Ya cika kaskon, Duna ya shanye. Ya sake cikawa, ya shanye. Sai a na uku ya rage. Sannan Habu ya wanke hannunsa, ya shiga rumfa, ya ɗauko ƙwaryar da ba mai taɓawa, ya ajiye ta a tsakiyar tsakar gida a buɗe, ya zauna a gefenta cikin wannan rana, don kada wani ya shigo ya ɗiba bai sani ba. Nan Dada ta dawo ta same shi.

Da aka kira ni na tarar gida ya cika. Alhaji Buba na tsaye, limamin unguwa na zaune a kan buzu.

Alhaji ya ce, "Malam Haruna, sharaɗi nawa na kafa maka?"

"Ɗaya ne, Alhaji."

"To kare ya tafi. A kai shi daji, ko a ba wani, ban damu ba. Ku ku zauna, ba ni da rigima da ku. In kuwa ba za ku rabu da shi ba, kwana uku na ba ku."

Habu ya durƙusa. Ya ce, "Alhaji, shi bai san ƙwarya ba, ƙishi ya sani. Ni na san ƙwarya, ni na san lokacin ruwansa. Ni za a hukunta."

"Ba da kai nake ba, yaro."

Liman ya so ya sassauta. Ya ce a zubar da nonon, a wanke ƙwaryar sau bakwai, shi ke nan ta koma yadda take. Dada ta dube shi, ta yi magana da Hausarta mai nauyi.

"Modibbo, na san wannan tun ba a haife ka ba. Ruwa zai wanke ƙwarya. Idona fa, da me za a wanke shi?"

Ta juya wajen Habu. "Wa ya gan shi?"

"Ni da ƙanwata."

"Sai wa?"

"Babu."

"To me ya sa ka faɗa?"

Ya ce, "Da an sha, Dada."

Dada ta nufi ƙwaryar. Ta tuttular da nonon a gindin bango, ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki. Ban sake ganin wannan ƙwarya a rumfa ba.

Gaskiya zan rubuta, ko da ba ta yi mini ado ba. Na yanke shawarar ba da karen. Akwai wasu makiyaya da za su gangara wajen Cholire, na yi magana da su, sun yarda. Asabe ma ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye.

"Malam, damina saura wata guda. A kan kare za mu koma bakin kogi? In mutanen gida suka ji, me za a ce da mu?"

Washegari da safe na fito da sabuwar igiya. Na tarar da Habu a gindin maina yana cire wa Duna kaska, alhali ranar ba Alhamis ba ce. Ya ga igiyar, ya gane. Bai roƙe ni ba.

Ya ce, "Baba, in za a kai shi, a faɗa wa mutumin yana tsoron tsawa. Kuma ƙafar ba ta warke ba, kada su sa shi tafiya mai nisa ran farko."

Na koma ɗaki na zauna, na fara lissafi da yatsuna yadda na saba. Na ɗaya, laifin ba na karen ba ne, yaron ma ya faɗa. Na biyu, yaron yana da hanyar ɓoyewa har biyu, bai bi ko ɗaya ba. Na uku, idan na miƙa karen yau, na koya masa da hannuna cewa wanda ya faɗi gaskiya shi ke asara, kuma marar baki shi ke biyan laifin mai baki. Wannan karatun direban Mubi ya riga ya yi masa, ni kuma shekara biyu ina goge shi. Ban kai ga na huɗu ba sai na ji motsi. Asabe ce ke naɗe tabarma.

Ta ce, "Tun da na ga ka fara lanƙwasa yatsu na san mun tashi. Matsa in ɗauki tukunya."

Zango na biyar shi ne bukkar lambu, kuma shi ya fi kowane wuya.

Na kafa ta a kan jigawa da kara da zana. Wani bafatake ɗan Kusiri da ke sayen albasata ya ji labari, ya zo ya tsaya yana girgiza kai. Ya ce, "Wallahi Malam kai majanuni ne, mahaukaci. Amma riƙe wannan." Ya jefo mini tsohon tamfol. Shi ya tsare mu daga ruwan farko. A kasuwa aka sa mini suna Malam Mai Kare. Wani mahauci kullum na wuce sai ya ce, "Malam, ina kwanan mai gida? Ya sha ruwansa na safe?" Nakan amsa masa da cewa ya sha, ya kuma gaishe shi.

Sauro kuwa ba a magana. Kogi ya cika har jiragen ruwa suka fara zuwa, sau biyu muna ɗaga bukka muna matsawa sama. Mairo ta kwanta zazzaɓi kwana bakwai. A kwanakin nan Asabe ba ta yi mini magana ba sai ta bakin yara, ni ma kaina na yi shakkar abin da na yi. Rana ta takwas yarinyar ta tashi ta nemi koko, ta kuma tambaya wa ke ba Duna ruwan safe. Aka ce yayanta ne ya haɗa duka.

Habu ya zama wani mutum a daminar nan. Shi ke gyaran jinka, shi ke tone magudana. Ya ƙirƙiro wa kansa wata doka da ba ta cikin kwalina. Duk Jumma'a sai ya zaɓi mafi kyawun kuɓewa da yakuwa da gauta, ya zuba a kwando, ya kai ƙofar Dada ya ajiye, ya yi sallama ya juyo. Jumma'a uku ana dawo da kwandon a cike. Uwarsa ta ce, "Malam, ka ce wa yaron nan ya bari, ana yi mana dariya." Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Na ce ban sa shi ba, ba kuma zan hana shi ba. Jumma'a ta huɗu kwandon ya dawo ba komai a ciki. Ta shida ya dawo da 'yar kwalbar nono, da saƙon cewa na Mairo ne.

Da ruwa ya ɗauke na fara bugun tubali a jigawar, don na ƙudurta ba zan sake zama a ɗakin wani ba. Wata hantsi ina kan jigo ina ban ruwan sabuwar albasa, Habu na juya ruwan daga fage zuwa fage, sai Duna ya yi haushi. Na ɗaga kai na hango Dada Hawwa tana gangarowa da sandarta, Alhaji Buba na biye da ita yana tattare babbar riga don kada laka ta taɓa. Ba ta taɓa zuwa lambun ba. Habu ya kama Duna ya ɗaure shi can nesa, ya wanke hannu, sannan ya zo.

Muka gaisa. Alhaji ne ya fara, yana kallon gefe. Ya ce ƙanwar Dada ba ta da lafiya a Cholire, Dada za ta je jinyarta, wataƙila wata biyu, wataƙila fiye. Shi kuma zai bi kasuwannin shanu. Shanun tatsarta biyu da 'yan maruƙansu suna bukatar mai yanko ciyawa, mai ba su ruwa, mai kwance maraƙi ya kuma ɗaure shi a kan lokaci.

Ya ce, "Na ce mata akwai yara a gida. Jikoki bakwai gare ta."

Dada ta ce, "Akwai su. In maraƙi ya kwance ya shanye nono, za su ce mini aljani ne ya kwance shi." Ta nuna Habu da sandarta. "Wannan nake so. Zai yi kuskure, yaro ne. Amma zan ji daga bakinsa."

A wajen Bafulatana, saniyarta ta fi ɗakinta. Wanda bai zauna da su ba ba zai san nauyin abin da ta miƙo ba. Na so in amsa a madadinsa kafin ta sake shawara, amma na kame bakina, don ba ni aka tambaya ba.

Habu ya durƙusa. Ya yi magana da Fulatanci, sannan ya maimaita da Hausa don in ji.

"Dada, na gode. Amma ruwan rana na Duna a hannuna yake. In ina wajen shanu ba zan iya zuwa nan ba. Bari in fara tambayar Mairo ko za ta karɓa. In ta yarda, sai in ba ki amsa."

Alhaji ya buɗe baki. "Uwata za a sa jira saboda kare?"

Dada ta yi dariya. Shekara biyu na san ta, ranar na fara ganin haƙoranta. Ta kifa kwandon albasa ta zauna a kai, ta ajiye sandarta a ƙasa.

Ta ce, "Je ka tambaye ta. Ina nan."

Ya tashi da gudu ya nufi bukka yana kiran ƙanwarsa. Ni kuwa na juya musu baya, na kama igiyar jigo na ci gaba da ɗebo ruwa, ina zubawa a fagen da ya riga ya cika, don kada baƙi su ga fuskata.